Tumatir ko kuka: yadda yanayi ke juya tukunyar miya a ƙasar Bagauda

Duk wanda ya saba yada zango a Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da ta Zariya, ya san abincin wurin bai cika sauyawa ba: shinkafa da jar miya, ko tuwo da miyar kuka ko taushe. Abin da ke sauyawa shi ne jar miyar kanta. A watan Fabrairu takan yi kauri, tana ƙamshin ɗanyen tumatir. Zuwa Yuni kuwa sai ta tsinke, ta yi duhu, ko kuma kuɗin faranti ya ƙaru. Mai ci yakan zargi mai abinci, alhali dalilin yana can gona.

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, miyar wannan yanki damina take bi. Idan ruwa ya sauka, a sha ɗanyar kuɓewa da yakuwa da alayyahu da lalo. Idan ya ɗauke, a koma kan abin da aka shanya, wato kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi, sai ɗan abin da lambun fadama ya bayar. Ruwan Tiga da ake kora wa filayen Kadawa da Kura da Bunkure shi ya juya lissafin. Rani ya zama lokacin yalwar kayan gwari, kasuwar Kwanar Gafan ta cika da kwanduna, miyar dage-dage ta zama ta yau da kullum har a gidan talaka.

Sai dai tumatir shuka ce mai son sanyin hunturu. Zafin bazara yana zubar masa da fure, ruwan damina kuma yana kawo masa cututtukan ganye da ruɓewa. Saboda haka yakan yi arha daga Janairu zuwa wajen Afrilu, har a riƙa zubar da wanda ya lalace, sannan ya yi ƙaranci. A 2016 tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye gonaki, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki jim kaɗan bayan buɗe ta. Shekarar nan ta nuna yadda tukunyar birni ta rataya a kan amfanin gona guda ɗaya.

Uwargida tana da mafita, domin ba ta yi wa kowa alkawarin jar miya ba. Idan tumatir ya yi tsada sai ta ɗora ruwa da daddawa da albasa da barkono da ɗan busasshen kifi, wanda ba ya wuya a kusa da Tiga. Idan sun nuna sai ta rage wuta, ta riƙa barbaɗa garin kuka tana kaɗawa da maburgi don kada ya yi gudaji. Kuka ba ta son daɗewa a wuta, kuma cokalin man shanu a kan malmalar tuwo yana rufe rashin nama. Taushe ma ba sai da tumatir mai yawa ba: kabewa ce ke ba ta jiki, gyaɗa ta ba ta maiƙo, yakuwa ta ba ta ɗan tsami.

Mai gidan abinci ba ta da wannan 'yanci. Direban da ya tsaya da ma'aikacin da ya fito cin rana shinkafa da miya suke nema, rani da damina. Dole ta zaɓi ɗaya cikin uku: ta ƙara kuɗi, ta rage zubi, ko ta haɗa da tumatirin leda da kauɗa. Kauɗa ba abin kunya ba ce. Idan aka jiƙa ta da ruwan zafi aka wanke sosai kafin niƙa, tana yin miya mai daɗi. Aibin yana wajen shanya. Wadda aka baza a ƙasa a bakin titi tana kwasar yashi da ƙura, shi ya sa wani lokaci ake jin tsakuwa a haƙori. Wadda aka shanya a kan tabarma ko buhu ta fi haske, ta fi tsada, kuma ta cancanci kuɗinta.

Akwai kuma abin da ke ɓacewa a hankali ba tare da an lura ba, wato daddawar kalwa. Aikinta na da wuya: a dafa kalwa tsawon yini, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa. Ga shi ana sare ɗorawa don itace da gawayi. Da yawa sun koma kan daddawar waken suya da ɗunƙulen sinadari, wanda gishirinsa ya fi ƙamshinsa yawa, abin da ya kamata mai hawan jini ya kula da shi.

Ga ma'aikacin da albashinsa ba ya motsi da farashin kwando, lissafin a fili yake. Watannin arha su ne na sayen tumatir da tattasai da yawa a yanka a shanya a wuri mai tsabta, ko a niƙa a dafa har ruwan ya ƙone a adana. Kuka da daddawa kuwa sun fi sauƙi a kasuwannin ƙauyukan Kiru da Bebeji fiye da yadda ake ƙulla su a leda a cikin birni.