Guba, Ci da Sukarin Jini: Darasi Daga Ɓeran Gwaji

Gabatarwa

Manomin Boɗinga ko Shagari bai san ɓera ba, wato kusu a bakin Sakkwatawa, sai a matsayin ɓarawon rumbu. Amma a ɗakin gwaje-gwaje ana kiwonsa domin a gane yadda guba ke ta'adi a jiki. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wasu sinadarai ke dagula cin abinci da sukarin jininsa, da abin da hakan ke nuna mana.

Yadda Jiki ke Daidaita Sukari

A bayan tumbi akwai wata halitta da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ce ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. A ƙasan ƙwaƙwalwa kuma akwai wani gurbi mai sanar da dabba cewa ta ƙoshi. In guba ta taɓa ɗayansu, ma'auni ya karkace.

Misalai Uku

Na farko shi ne aloksan. A 1943 Shaw Dunn da abokan aikinsa a Gilasgo suka gano yana kashe ƙwayoyin da ke yin insulin a jikin zomo, daga baya aka ga haka a ɓera. Sukari kan taru a jininsa, ya yawaita shan ruwa da fitsari, ya ci abinci ba ƙaƙƙautawa, amma yana ramewa, domin abincin ba ya isa tsoka.

Na biyu wani haɗi ne na zinariya da sukari. A 1949 Brecher da Waxler suka nuna cewa ɓeran da aka yi wa allurarsa kan yi ta ci har ya yi mummunar ƙiba. Bincike ya tabbatar gurbin ƙoshi ne ya lalace.

Na uku shi ne daikulobos, gubar da ke cikin fiya-fiya. Yana hargitsa saƙonnin jijiyoyi, hanta ta saki sukarin da ta ajiye, sukarin jini ya hau, ci kuwa ya ragu.

Dangantakarsa da Mutum

Hakika ɓera ba mutum ba ne, kuma adadin da ake ba shi yakan zarce wanda mutum ke haɗuwa da shi a abinci. Duk da haka, maganin ɓera mai suna Vacor ya jawo wa mutanen da suka sha shi ciwon sukari, har aka janye shi daga kasuwannin Amurka a 1979. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan daikulobos a cikinsa.

Kammalawa

Wannan ya shafi duk mai zuba fiya-fiya a buhun wake a Boɗinga, da mai feshi ba tare da rufe hanci ba a fadamun Shagari. Guba ba lalle ta kayar da mutum nan take ba. Tana iya fara ɓarna daga inda ido ba ya gani. Ajiye wake a buhu mai hana iska shiga yana kashe ƙwari ba tare da magani ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.