Wasannin Kwamfuta da Kasuwa Ta Tauye wa Haƙƙi

Yana daga cikin ɗabi'un ɗan Adam tun fil azal cewa idan ya ga jama'a sun yi dafifi a kan wani abu sai ya ɗauka lalle shi ne mafifici, idan kuwa ya ga wani a yashe babu mai waiwayarsa sai ya yanke masa hukuncin rashin amfani, ba tare da ya tsaya ya yi bincike ba. Wannan ɗabi'a, wadda ta daɗe tana zaluntar littattafai da mawallafansu, ta sami sabon fage a zamaninmu, wato fagen wasannin kwamfuta, waɗanda samarinmu ke kira gem. Duk wanda ya leƙa shagunan da ake biyan kuɗi a yi wasa, ko a Kano ko a Zariya ko a Maraɗi, zai tarar galibi abu uku ne ake juyawa, ƙwallon ƙafa da dambe da harbe-harbe, har ta kai dattawanmu sun ɗauka babu komai cikin wannan sha'ani face ɓata lokaci da koyon rashin tausayi. Ba kuwa za a ga laifinsu ba, domin abin da aka nuna musu ke nan. Amma alal haƙiƙa akwai waɗansu wasanni da masu hikima suka ɓata shekaru suna ƙagawa, suka zuba musu ilimi da fasaha gwargwadon yadda mawallafi ke zuba wa littafinsa, sa'an nan kasuwa ta kau da kai daga gare su. Su ne nake so in kai ƙararsu gaban mai karatu.

Ya kamata mu fara da sanin sababin wannan rashin adalci, domin ba ƙeta ce ta wani mutum guda ta haddasa shi ba. A shekarar 2023 kaɗai, sababbin wasanni fiye da 14,000 aka fitar a Steam, wato babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, kuma Hausawa sun riga sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A cikin irin wannan turmutsitsi, wanda ke da kuɗin talla shi ake ji, wanda ya fito a mako guda da wani gawurtaccen wasa kuwa sai ya nutse, wanda kuma ya zo da salon da ido bai saba da shi ba sai masu saye su yi ɗari-ɗari da shi, saboda mutum ba ya son ya kashe kuɗinsa a kan abin da bai tabbatar ba.

Misali na farko shi ne Okami, wanda wani sashe na kamfanin Capcom na Japan mai suna Clover Studio ya fitar a 2006 a kan na'urar PlayStation 2, bisa jagorancin Hideki Kamiya. An gina shi ne a kan tatsuniyoyin Japan na dauri, inda Amaterasu, wadda mutanen can suka riƙa a matsayin abar bautarsu ta rana, ta sauko cikin siffar farin kyarkeci domin ta raba ƙasa da la'anar wani maciji mai kai takwas. Ba sai an faɗa ba, sanin tatsuniyar wasu mutane daban yake da yin imani da ita, kamar yadda malamanmu suka karanci waƙoƙin Jahiliyya don neman lugga ba tare da sun bi aƙidar masu su ba. Abin da ya fifita wannan wasa shi ne cewa duniyarsa duka an zana ta da salon tawada irin na masu zanen Japan, kuma babban makamin mai wasa alƙalami ne. Idan ya danna wani maɓalli sai komai ya tsaya cik, allon ya koma tamkar takarda, shi kuma ya ja layi da hannunsa: ya zana da'ira a sararin sama rana ta fito, ya kewaye busasshiyar bishiya ta yi huda nan take, ya cike gurbin karyayyiyar gada ta haɗu mutane su ƙetare. Galibin ladan da yake samu a wasan daga gyara yake zuwa, daga rayar da ƙasar da ta mutu da ciyar da dabbobin da suka ji yunwa. To, amma ya fito ne a daidai lokacin da hankalin jama'a ya koma kan sababbin na'urori, PlayStation 3 da Wii, waɗanda suka fito a watan Nuwamba na wannan shekara, saboda haka duk da yabon da masu sharhi suka yi masa, cinikinsa bai taka kara ya karya ba, kuma kafin shekarar ta ƙare Capcom ya ba da sanarwar rufe Clover Studio. Sai da aka sake fitar da shi a 2012 da 2017 sa'an nan mutane suka farga da abin da suka rasa, har a watan Disamba na 2024 aka yi shelar cewa Kamiya zai ci gaba da labarin, bayan shekara 18.

Kusan irin wannan ƙaddara ce ta faɗa wa Beyond Good & Evil, wanda Michel Ancel na kamfanin Ubisoft ya jagoranta a birnin Montpellier na Faransa, aka fitar da shi a ƙarshen 2003, a lokaci guda da Prince of Persia na wannan kamfani, wanda ya kwashe hankalin masu saye. Tauraruwar wasan na Ancel, Jade, 'yar jarida ce mai riƙon marayu, wadda ta gano cewa rundunar da ke da'awar kare mutanen ƙasarta ita ce ke haɗa baki da maƙiya ana sace su, kuma aikin mai wasa shi ne ya laɓaɓa cikin masana'antu ya ɗauko hoton shaida, a buga a jaridar ɓoye, har talakawa su gane gaskiya su tashi. Wasan da ya sanya hujja a gaba da makami ya cancanci a san shi a duk inda ake girmama aikin jarida.

Amma wanda na fi so almajiran ilimi su kula da shi shi ne Pentiment, wanda wata 'yar ƙaramar tawaga ta kamfanin Obsidian na Amurka ta yi a ƙarƙashin Josh Sawyer, mutumin da ya karanci tarihi a jami'a, aka fitar da shi ranar 15 ga Nuwamba 2022, kwana shida kacal bayan God of War Ragnarök wanda ya cika duniya da amo. Labarin ya fara a 1518, a wani ƙauye da aka ƙaga mai suna Tassing a Bavariya ta kudancin Jamus, inda wani mai zayyana, Andreas Maler, yake aiki a zauren kwafar littattafai na gidan ruhubanawa, a daidai zamanin da injin ɗab'i ya fara kashe kasuwar rubutun hannu. Aka kashe wani basarake, aka ɗora laifin a kan wani tsohon ruhubani, abokin Andreas, shi kuma ya tashi neman gaskiya cikin 'yan kwanaki ƙalilan.

A wannan wasa ba a jin muryar kowa yana magana. Duk kalmar da mutum ya furta sai ta bayyana a rubuce, ana jin ƙarar alƙalami yana karzar takarda, kuma kowa da irin hannunsa: manomi da rubutu mai karkace-karkace, ruhubani da haruffa masu kauri irin na littattafan coci, mai maɗaba'a kuwa maganarsa sai ta fito da haruffan inji, a jere a buga. Wani lokaci alƙalamin ya yi kuskure a gaban idonka, ya goge ya gyara. Idan mai magana ya fusata sai tawada ta fantsama. Idan kuma aka ambaci sunan wani waliyyi ko wani gari da ba ka sani ba, sai hoton ya ja baya ka ga ashe duk abin da kake kallo shafin littafi ne, ga bayanin nan an rubuta maka a hashiya. Har akwai wani baƙon ruhubani daga Habasha, wanda aka zana shi da salon zanen littattafan Habasha, daban da na kowa. Wanda duk ya taɓa riƙe tsohon kundi na ajami, ya ga yadda malami ya cika gefensa da sharhi, almajiri kuma ya ƙara nasa a ƙarƙashi, ba zai ji wannan duniya baƙuwa ba ce, domin mu ma mun ga yadda maɗaba'a ta zo ta tarar da masu rubutun hannu.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne mas'alar shaida. Lokaci ba ya isar Andreas ya bi kowace alama, dole ya zaɓi wanda zai ci abinci da shi da wanda zai bi sawunsa, daga bisani kuma ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya tara, a kashe wanda zargi ya fi ƙarfi a kansa. Wasan ba ya taɓa tabbatar maka cewa ka yi daidai. Labarin yana ci gaba har shekara 25, ya ratsa tawayen manoman Jamus na 1525, kana ganin iyalin wanda aka yanke wa hukunci suna rayuwa da tabon abin da bakinka ya jawo. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tsoratarwa game da yanke hukunci bisa zato, suna cewa a kau da haddi idan akwai shubuha. Ban san wani aikin fasaha na zamani da ya sa mutum ya ɗanɗani ɗacin wannan mas'ala da kansa kamar wannan ba.

Akwai kuma wasannin da ƙananan al'ummu suka yi don su tsare abin da kakanni suka bar musu. A 2014 wata majalisar 'yan asalin Alaska, Cook Inlet Tribal Council, ta haɗa gwiwa da kamfanin E-Line Media suka fitar da Never Alone, bayan sun zauna da dattawa da masu ba da labari kimanin 40 na ƙabilar Inupiat. Sun ɗauki tatsuniyar da wani dattijo, Robert Nasruk Cleveland, ya kan bayar, suka nemi izinin 'yarsa tukuna, sa'an nan suka mai da ita wasa: wata yarinya, Nuna, tare da farar yanyawa, ta fita neman asalin guguwar ƙanƙara da ta hana mutanenta farauta, har ta tarar da wani ƙaton mutum yana saran ƙanƙara da gizago yana watsawa a iska. Da harshensu ake ba da labarin, kuma kowane matakin da mai wasa ya ci sai a buɗe masa ɗan gajeren fim inda dattawan suke bayanin farauta da ganga da zaman tare. Ya sami lambar yabo ta BAFTA a Ingila a 2015, amma a ƙasashenmu da wuya ka sami wanda ya ji sunansa.

Kusa da mu kuwa, a Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a watan Afrilu na 2016, labarin wani yarima, Enzo Kori-Odan, da amaryarsa Erine, waɗanda surukinsa ya yi wa juyin mulki ranar naɗi da aure, suka fita neman gadon kakanni don su karɓo ƙasarsu. Da hannu aka zana shi, cikin fama da ɗaukewar wutar lantarki da ƙarancin jari, har sai da suka nemi gudummawar jama'a ta intanet a 2015. Idan maƙwabtanmu sun iya wannan da irin matsalolin da muka sani sarai, to, babu uzurin da ya rage ga masu Gizo da Ƙoƙi, da rijiyar Kusugu, da ganuwar Amina, da tarihin fataken da suka yi ta kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja.

Wani abin da ya sa al'amarin ke buƙatar gaggawa shi ne cewa wasan da aka manta ba ya jira kamar yadda littafi ke jira a cikin adaka. Na'urori suna tsufa, kamfanoni suna rufewa, kuma wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa a lokacin. Okami ya yi sa'a an tono shi. Dubbai ba su yi ba.

Ba ina da'awar cewa wasa zai maye gurbin karatu ba ne, kuma duk wasan da ya shagaltar da mutum daga salla ko sana'a ko haƙƙin iyali ya zama abin zargi, komai kyansa. Amma tun da yake 'ya'yanmu sun riga sun shiga wannan fage, kuma babu alamar za su fita, wajibi ne a kan iyaye da malamai su san cewa akwai zaɓi, su daina yi wa fannin hukunci guda. Mai shagon gem ya ware na'ura ɗaya ya sa irin waɗannan wasanni, ko da sau ɗaya a mako. Uba ya zauna kusa da ɗansa ya tambaye shi abin da labarin ke koyarwa. Jaridunmu su buɗe fili na sharhin wasanni kamar yadda suke yi wa littattafai da finafinai. Ɗalibanmu na ilimin kwamfuta kuma su je wurin tsofaffi da na'urar ɗaukar magana tun suna raye, su nemi izini kamar yadda mutanen Alaska suka nema. Kasuwa tana auna abin da aka saya ne kawai, auna daraja kuwa aikin masu ilimi ne, kuma idan suka yi sakaci da shi babu wanda zai yi musu. Allah Ya ba mu basirar rarrabe mai amfani da marar amfani, amin.