Tauraron Ɗan'adam da Hasken Leza: Yadda Saƙo Ke Ratsa Sararin Samaniya

Duk saƙon da za a aika nesa, magana ce ko hoto ko rubutu, sai an sama masa abin hawa. A zamanin da, manzo ne bisa doki ko kuwa amon tambari. A yau abin hawan shi ne igiyar rediyo ko haske. A wurin masana kimiyya waɗannan biyu dangi ɗaya ne, kuma dukansu suna gudun kilomita kusan 300,000 cikin daƙiƙa guda. Bambancinsu yana ga saurin kaɗawa, kuma iyakar saurin kaɗawar igiya, iyakar yawan saƙon da za ta iya ɗauka.

Igiyoyin da ke ɗaukar hotunan talabijin miƙe suke tafiya, duniya kuwa a dunƙule take kamar lemo. Saboda haka saƙon da ya tashi daga Kano ba zai bi doron ƙasa ya isa Landan ba, sai dai ya zarce sama ya ɓace. A shekarar 1945 wani marubuci ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, ya kawo shawarar a kafa tasha a can sama, nisan kilomita 35,786 daidai saman layin da ya raba duniya biyu. Abin da ke kewaya duniya a wannan nisa yakan gama zagaye ɗaya cikin kwana guda, wato tafiyarsa ta zo daidai da juyawar duniya, har mai kallo daga ƙasa ya ga kamar a tsaye yake. Wannan ne dalilin da ya sa faifan da ake kafawa a rufin gida ke fuskantar wuri ɗaya dare da rana. Tarayyar Sobiyet ce ta fara harba tauraron ɗan'adam, Sputnik 1, a 1957. A 1964 kuma tauraron Amurka mai suna Syncom 3 ya hau wancan matsayi da Clarke ya ambata, ya kai wa Amurkawa hotunan wasannin Olamfik daga Tokyo.

Aikin tauraron sadarwa bai wuce matakai uku ba. Tashar ƙasa ta cilla saƙo sama. Tauraro ya karɓe shi ya riga ya raunana, ya ƙara masa ƙarfi da wutar da yake samu daga hasken rana. Sa'an nan ya sauya masa zango, don kada mai hawa da mai sauka su cakuɗe, ya mayar da shi ƙasa. Hawa da sauka sukan ci kimanin rubu'in daƙiƙa, shi ya sa ake jin ɗan jinkiri a hirar da ta bi ta tauraro. Muhimmancin wutar rana ya bayyana ga Nijeriya a fili: tauraronta NigComSat-1, wanda aka harba daga ƙasar Sin a 2007, ya daina aiki a 2008 saboda lalacewar allunan da ke tara masa wuta, sai a 2011 aka maye gurbinsa da NigComSat-1R.

To, amma zangunan rediyo suna da iyaka, masu bukata kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Wannan ya sa masana suka juya ga haske. Tun a 1880 Alexander Graham Bell ya aika murya bisa hasken rana zuwa nisan mita 213, sai dai dabarar ba ta kankama ba sai bayan an ƙera leza a 1960. Leza haske ne mai launi ɗaya wanda ke tafiya a tsuke, ba ya bazuwa kamar na fitila. Ana kunna shi ana kashewa, ko a sassauya yanayinsa, sau miliyoyi cikin daƙiƙa, na'urar da ke can ɗaya ɓangaren kuma ta mayar da ƙyaftawar zuwa murya ko hoto. Hasken da aka fi amfani da shi yana gaba da ja, idon mutum ba ya ganinsa, kuma yana kaɗawa fiye da igiyar talabijin ta tauraro sau dubu goma da ɗoriya. Ga shi kuma da wuya wani ya saci jin saƙon, tun da sai ya shiga tsakiyar siririn hasken.

An gwada an gani. A 2001 tauraron Turai Artemis da na Faransa SPOT-4 suka yi musayar bayanai da leza. A 2013 hukumar NASA ta sauko da bayanai daga kumbon da ke kewaya wata da saurin megabit 622 a daƙiƙa. A Disambar 2023 kumbon Psyche ya aiko da ɗan gajeren bidiyo daga nisan kilomita miliyan 31.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Da yake hasken siriri ne, dole mai aikawa ya saita mai karɓa daidai, alhali dukansu suna cikin tafiya. Babban cikas kuma shi ne iskar da ta lulluɓe duniya. Gajimare yakan tare hasken ɗungum. Hazo irin na lokacin hunturu yakan warwatsa shi, kamar yadda fitilar mota ke dusashewa a kan hanya idan ƙura ta sauka. Iska mai zafi da mai sanyi kuma, idan suka cakuɗe, sukan karkatar da shi, abin da ke haifar da ƙawalwalniya a kan kwalta da tsakar rana. Igiyar rediyo kuwa takan ratsa gajimare da hazo, ko da yake ruwan sama mai ƙarfi yakan raunana ta.

Saboda haka ne ake kafa tashoshin karɓar leza a kan duwatsu masu tsawo, kuma a wurare dabam-dabam, don in gari ya rufe a nan a koma can. A sararin da babu iska, tsakanin tauraro da tauraro, leza ya fi dacewa. Wajen sauko da saƙo zuwa ƙauyen da waya ba ta kai ba kuwa, musamman a ƙasa mai hazo da damina, har yanzu rediyo ne abin dogaro. Injiniyan da zai tsara sadarwar irin wannan ƙasa sai ya san halin sararinta kamar yadda ya san na'urarsa.