Fasali a kan tantance wasiƙun sarakunan Damagaram

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa mai neman sani, wasiƙar sarauta shaida ce guda ɗaya, kuma alƙali ba ya yanke hukunci kafin ya bincika shaidunsa. Na ajiye wannan fasali kafin sharhi domin mu nan Hamdara da sauran ƙasar Damagaram mun saba ɗaukar duk abin da aka rubuta da tawada tamkar magana ta ƙare. Ga abin da nake dubawa kafin in jingina wasiƙa ga wani sarki.

Na farko, suna. Idan wasiƙa ta ce daga Sultan Ahmad take, ka dakata, don Ahmadu biyu ne suka hau gadon a jere. Ahmadu Kuran Daga ya yi sarauta daga 1893 zuwa 1899. A zamaninsa aka kashe Kaftin Kazamaju a Zinder cikin Mayun 1898, Faransawa kuma suka ci shi da yaƙi a Tirmini cikin Yulin 1899. Sai suka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu ɗan Basa, wanda suka tuɓe a 1906 bisa zargin ƙulla musu makirci. Na farko da ikon kansa yake rubutu, na biyu kuwa Nasara na tsaye a kansa. Wanda ya haɗa su ya jingina wa mutum maganar da bai yi ba.

Na biyu, shekara. Wasiƙu da yawa ba su da ita, wasu kuma da ramzi aka sa ta. Malamanmu lissafin Magarib suke bi: shin dubu ne, sin ɗari uku. A lissafin Gabas kuwa shin ɗari uku ne, sin sittin. To, shin da sin da ya da wau a wurinmu 1316 ke nan, wadda ta kama a ƙarshen Mayun 1898. Kisan Kazamaju ya faɗo a Zulhajjin 1315, Tirmini a 1317. Kuskuren harafi ɗaya yana iya mai da wasiƙar da aka rubuta kafin yaƙi ta zama ta bayansa.

Na uku, takarda. Ɗaga ta ga haske. Idan ka ga wata uku a jikinta, irin takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta Tarabulus. Sai dai takarda tana daɗewa a gafaka kafin a rubuta a kanta, saboda haka tana nuna zamani ne, ba ta yanke shekara.

Na huɗu, abin da wasiƙar ta bari. Da Larabci ake rubuta wasiƙun sarauta, alhali sarki da Hausa ko Barbarci yake magana, magatakarda ne ke zuba ta a ƙa'idar da ya koya. Sau da yawa asirin yana bakin manzo, takardar shaida ce kawai cewa aiko shi aka yi. Nan ne muke bukatar ruwayar baka.

Ruwayar ma sai an duba isnadinta. Landeroin, tafintan tawagar Tilho, ya tattara tarihin ƙasar nan daga bakin mutane, aka buga a 1911. Aiki ne mai amfani, amma ka tuna masu ba shi labari suna magana ne gaban hafsan waɗanda suka tuɓe musu sarki ba da jimawa ba. Daga baya Roberta Dunbar ta kammala bincikenta a 1970, André Salifou ya fitar da littafinsa kan Damagaram a 1971, dukansu sun zauna da dattawa. Tsakanin dattawan nan da Tirmini akwai shekara saba'in, don haka ina tambaya a kowace ruwaya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ɗan wane gida ne?

Takardun kansu a warwatse suke: wasu a sashen littattafan Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wasu a gidajen adana takardu na Dakar da Faransa, wasu a hannun magada. Duk wanda ya kwafi wasiƙa, ya rubuta inda ya same ta, da siffar hatiminta, kuma ya raba bayaninsa da matani. In ya cuɗa su, almajirin gobe zai karanta zatonsa a matsayin maganar sarki.

Inda wasiƙa da ruwaya suka dace, na ƙarfafa. Inda suka saɓa, na kawo su duka biyun, na ambaci mai kowace. Allah ne mafi sani.