Hunturu: Yadda za a ɗumama ɗaki ba tare da jefa iyali cikin haɗari ba

Duk wanda ya fito sallar Asuba a unguwar Gamboru da ke Maiduguri a ƙarshen Disamba ko cikin Janairu ya san irin ɗarin da ake magana. Hazo ya lulluɓe gari, busasshiyar iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, 'yan dako da masu kayan miya da suka yi sammakon Kasuwar Gamboru sun kewaye wuta a bakin hanya suna jin ɗumi. Garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu, a wannan lokaci ma'auni kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 da asuba, wata rana ma ƙasa da haka.

Gidajenmu kuwa don zafi aka gina su: rufin kwano, daɓen siminti ko tayil, da tagogi masu barin iska ta ratsa. Shi ya sa cikin dare sanyin waje kan bi mutum har gado. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin gidaje da lafiya da ta fitar a 2018, ta ba da shawarar kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi, kuma ta ce masu rauni na iya buƙatar fiye da haka. A nan masu raunin su ne jarirai, tsofaffi, masu asma da masu cutar sikila, waɗanda sanyi kan tayar musu da ciwo. Don haka magidancin da ke neman hanyar ɗumama ɗaki yana kan daidai. Abin dubawa shi ne hanyar da zai bi.

Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki

Da wuya a shiga gida a Maiduguri a rasa kasko. Matan Borno sun yi suna wajen turaren wuta, garwashi kuma kusan kullum yana kusa. Idan sanyi ya tsananta, abu mafi sauƙi shi ne a cika kasko da gawayi, a shigar da shi ɗaki, a rufe ƙofa da taga, musamman ɗakin mai jego ko na tsohuwa. Wannan dabara ce ta fi kowace haɗari.

Gawayin da ke ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Garwashin da ya yi jajir ya daina hayaƙi, wanda ake ganin ya zama lafiya, yana ci gaba da fitar da ita. Idan ta shiga huhu sai ta manne wa jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, ta hana jini kai iskar numfashi ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Wanda ke barci kuwa ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi har ya zarce. Jariri da ɗan tayin da ke ciki sun fi saurin cutuwa.

Alamominta sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake yawan kuskure. Ga abin lura: idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, babu zafin jiki, kuma suka ji sauƙi bayan sun fita tsakar gida, to a tuhumi kasko. A buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa waje. Wanda ya suma, ko ya rikice, ko mace mai juna biyu, a garzaya da su inda ake da iskar oksijin, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru na Jiha. Madara da manja da ake ɗura wa mutum ba sa cire wannan guba, ɓata lokaci ne kawai, kuma wanda ya suma zai iya shaƙewa da su.

Haka hukuncin yake ga risho, da murhun gas da ake kunnawa don jin ɗumi, da janaretan da ake ajiyewa a baranda ko bakin taga. Duk abin da ke ci da wuta ba a kwana da shi a ɗaki.

Hita iri-iri ce

A shagunan kayan lantarki na Kasuwar Monday da sauran wurare, ana samun hita kala uku. Akwai mai sanda da ke yin ja, wadda ta fi araha. Tana ba da zafi nan take ga wanda ke gabanta, amma gidan sauro ko bakin zane ya taɓa ta sai gobara. Akwai mai fanka da ke huro iska mai zafi. Tana ɗumama ɗaki da sauri, sai dai tana da ƙara, tana tayar da ƙurar hunturu, abin da bai yi wa mai asma daɗi ba. Da an kashe ta kuma ɗumin ya tafi.

Ta ukun ita ce mai mai a ciki, wadda ke da jerin faifan ƙarfe kamar lagireton mota, tana tsaye a kan ƙananan tayoyi. Mutane da yawa kan ɗauka man ne take ƙonawa kamar risho. Wutar lantarki take ci. Wani ƙarfe ne a ƙasanta ke zafafa man da aka rufe ruf a ciki, man ya zagaya faifan, faifan su ɗumama iskar ɗaki. Man ba ya ƙarewa, ba a ƙara shi, ba a canza shi. Ba ta da harshen wuta, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara. Takan ɗauki mintuna kafin a ji ɗuminta, amma ko an ɗauke wuta tana ci gaba da ba da ɗumi na ɗan lokaci kafin man ya huce. Wannan ne ya sa ta fi dacewa da ɗakin kwana.

Masu 'yan'uwa a Ingila ko Jamus na iya jin ana maganar bawul ɗin lagireto. Wancan tsari ne na daban, inda tukunya ɗaya ke dafa ruwa ta tura shi ta bututu zuwa kowane ɗaki, bawul kuma ya rage ko ya ƙara ruwan da ke shiga. Gidajenmu ba su da wannan tsari, kuma hita mai mai ba ta da bawul. Abin da ke yin aikinsa a jikinta shi ne makunnin daidaita zafi, wanda ake murɗawa. Idan ɗaki ya kai ɗumin da aka zaɓa sai ta kashe kanta, idan ya huce ta sake kamawa. Kada a sayi wadda ba ta da shi.

A fara lissafin wuta kafin a je kasuwa

Mazauna Maiduguri ba su manta da dogon duhun da ya biyo bayan lalata turakun layin Damaturu a Janairun 2021 ba. An ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50 a Maris ɗin 2023, amma har yanzu ba kowace unguwa ce ke kwana da wuta ba. Saboda haka tambaya ta farko ita ce: ana samun wuta a layinku tsakanin tsakar dare da asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani?

Yawancin irin wannan hita na cin wat 1,500 zuwa 2,500. Ƙaramin janareta da ake kunna fitila da talabijin da shi bai kai wat 1,000 ba, don haka ba zai ɗauke ta ba. Masu sola ma su yi hattara: batir guda mai lamba 200 na iya ƙarewa cikin kamar awa ɗaya idan aka ɗora masa hita mai wat 1,500, kuma yawan yin haka na kashe shi da wuri.

Ga mai mita, lissafin ba wuya. Wat 1,000 na tsawon awa ɗaya shi ne yunit ɗaya. Hita mai wat 1,500 da ta yi awa shida ba hutawa ta ci yunit 9. A farashin Naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kuɗin ya kai Naira 2,025 a dare guda. Makunnin daidaita zafi na rage wannan sosai, tunda ba duk daren take ci ba. Kowace irin hita ce, wutar da ta ci ita take mayarwa zafi, don haka kada mai shago ya ce wata tana ba da zafi mai yawa da wuta kaɗan.

Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, a irin sanyinmu, ba ya buƙatar babba. Mai faifai bakwai da ke da matakin zafi biyu ko uku ta wadatar, a riƙa amfani da ƙaramin mataki.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

A karanta takardar da ke manne a jikinta. Wutarmu bolt 230 ce, don haka wadda aka rubuta 220 zuwa 240 ce ta dace. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka galibi na bolt 110 ko 120 ne, kuma jona su kai tsaye na ƙona su. A nemi mai fulogi mai ƙafa uku da fis a ciki. A tambaya ko tana kashe kanta idan ta faɗi ko zafi ya yi mata yawa. Idan ta hannu ce, a shafa ƙasanta da mahaɗar faifan. In an ga danshin mai, ko tsatsa, ko lotsawa, ko wayar da aka naɗe da salatif, a bar ta komai arharta. A sa mai shago ya kunna ta a ga duk faifan sun ɗau zafi, a kuma ji ƙarar makunnin lokacin da ya kashe kansa.

Soket ɗin gida ma abin dubawa ne. Hita mai wat 2,000 na jan kusan amf 9, soket ɗin bango kuma 13 yake ɗauka. Ke nan ita kaɗai za ta zauna a kansa. Kada a jona ta a doguwar wayar nan mai bakuna da yawa, domin siririyar wayar kan yi zafi ta narke. Gidajen Gamboru, Gwange, Fori da sauran unguwannin da ambaliyar madatsar Alau ta shafa a Satumban 2024 suna da ƙarin dalili: soket ɗin da ya sha ruwa da laka kan yi tsatsa a ciki ko da yana aiki. A kira mai gyaran wuta ya duba kafin a ɗora masa nauyi. Idan fulogi ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ko aka ji ƙauri, a cire nan take.

Yadda za a zauna da ita lafiya

Gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023, da ta Kasuwar Gamboru makonni kaɗan bayanta, sun nuna yadda wuta ke gudu a lokacin da komai ya bushe. A ajiye hita a tsaye a kan daɓe, a bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da katifa, labule da gidan sauro. Kada a shanya kayan jariri ko tawul a kanta, duk da cewa sifarta na jan hankali a yi hakan. Kada a shiga da ita banɗaki. Jikinta na zafin da zai ƙona hannun yaro mai rarrafe, don haka a sa ta inda ba zai kai ba. In za a fita, a kashe a zare fulogi.

Dabarar da ta fi sauƙin kuɗi ita ce a kunna ta awa ɗaya kafin kwanciya, a rufe ƙofa, sannan a rage ta zuwa ƙaramin mataki.

Ga wanda ba shi da wuta ko halin saye

Mafi yawan gidaje a nan suke, kuma akwai abin yi. A toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a sa labule mai kauri, a rufe tagar da ke fuskantar iska tun da yamma. A ɗaga shimfiɗa daga kan siminti, ko a sa tabarma da darduma a ƙarƙashinta. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. A sa wa yara da tsofaffi hula da safa. Ana iya zuba ruwan ɗumi a jarka mai murfi mai kyau, a naɗe ta da zane a ɗumama shimfiɗa, a cire kafin a kwantar da jariri. Idan dole sai an yi amfani da gawayi, a ji ɗuminsa a tsakar gida, a kashe shi a can kafin a shiga barci.

Sabon jariri na buƙatar ɗaki mai ɗumin aƙalla digiri 25, kuma babu abin da ya kai jikin mahaifiyarsa ba shi wannan ɗumi. A kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare ba tare da rufe masa fuska ba, musamman bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko zuwa awa 24 bayan haihuwa. A kwanakin hunturu a bar wankan jariri sai rana ta ɗaga, a yi shi da sauri, a shafa masa man kaɗe. Don gane ko yana jin sanyi, a taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa. Idan ya yi gumi an cika masa kaya. Idan jikin ya yi sanyi, ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari na lotsawa, asibiti za a nufa a ranar.

Kakanni da ungozomomi su ne ke da ta cewa a ɗakin mai jego, don haka su ya kamata a fara fahimtarwa cikin ladabi. Maigida ya zauna da su tun kafin sanyi ya kankama, a amince cewa kasko na turare ne, a yi shi ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin kowa ya kwanta.