KOYON LISSAFI TA HANYAR AIKI

Sau da yawa a kan sami yaro ya haddace lissafi sarai a aji, amma in aka aike shi kasuwa sai ya kasa gane canjin da ya kamata a ba shi. Dalili kuwa shi ne, da baki kaɗai ya koyi lambobi, bai taɓa yin wani aiki da su ba.

Tun da daɗewa masana ilmi suka lura da wannan aibi. A shekara ta 1896 wani shaihun malami na Amurka, John Dewey, ya buɗe makarantar gwaji a birnin Shikago, inda yara su ke koyon awo ta wurin dafa abinci da sassaƙa. A 1918 almajirinsa, William Kilpatrick, ya rubuta bayanin wannan hanya, watau a ba yara aiki na gaske mai manufa, lissafi ya fito daga cikinsa.

Ga misali. A ba 'yan aji biyar na firamare igiya mai tsawon mita 60, a ce su kewaye lambun makaranta da ita. Waɗansu za su yi tsawo 25, faɗi 5, su sami fili murabba'in mita 125. Waɗansu su yi 20 da 10, su sami 200. Can sai wani yaro ya daidaita ɓangarorin huɗu, 15 da 15, ya sami 225. Igiya ɗaya ce, amma fili ya bambanta. Daga nan sai su lissafta dirkokin shinge: in za a kafa ɗaya a kowace mita 2, guda 30 a ke bukata. Su tambayo kuɗinsu a kasuwa, su tara jimla.

Aikin malami a nan shi ne ya yi tambaya, ya bar yara su gwada, kada ya yi gaggawar faɗin amsa. Yaron da ya yi kuskure ya gyara da kansa ba ya mantawa. Amma wannan ba ya hana hadda, gama wanda bai riƙe 15 sau 15 ba zai daɗe bai gama ba.

Saboda haka a na roƙon iyaye, in sun ga 'ya'yansu a waje da igiya lokacin darasi, kada su zaci wasa ne. Su ma su taimaka a gida, su bar yaro ya auna hatsi da mudu, ya ƙirga canji da hannunsa. Gani ya kori ji.