CIWON ƘODA NA GADO A JIKIN KARNUKA

Mun san ƙoda ita ce rariyar jiki. Tana tace jini, ta fitar da dauɗa cikin fitsari.

A Ingila akwai wani irin kare mai dogon kunne, ana kiransa Cocker Spaniel. Waɗansu 'ya'yansa rariyarsu takan lalace tun suna ƙanana. Kwikwiyo ya yi ta shan ruwa, ya yi ta fitsari, ya rame. Yawanci ba ya wuce shekara 2.

Wannan ciwo ba ɗauka ake yi ba, gado ne. Kwikwiyo yakan gaji ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. In ɗaya ce kaɗai ta ɓaci, lafiyarsa ƙalau, amma yana ɗauke da ita. In kare da karya duka suna ɗauke da ita, to, bisa lissafi 1 cikin 'ya'ya 4 zai gaji ɓatattu biyu, ya kamu.

A 2007 likitocin dabbobi a Amurka suka gano ƙwayar. Yanzu akan gwada jini kafin a haɗa su barbara. Mun ga ashe rigakafi ya fi magani.